Binne Kafin Jakada Ya Iso

Lado ya sara sungumi, ƙasa ta ƙi karɓa. Busasshiya ce ƙamas. Matarsa Kande na biye da shi da ƙwaryar iri, tana jefa gero a rami, tana rufewa da diddige, tana mita.

"Malam, wannan ba shuka ba ce, zubarwa ce. Dubi gawo, ko ganye bai fara kakkaɓewa ba."

"Jefa ki rufe."

Binne ba baƙon abu ba ne a Zakka. Manomi kan sa iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa ya same shi a ciki. Amma sai damina ta ƙarato ake yi. Wanda ya yi gaggawa, yayyafi ɗaya ya isa ya ruɗi irin ya tsiro, rana ta bi ta ƙone shi. Lado ya san haka sarai. Kuma abin da ke cikin ƙwaryar nan shi ne irinsa duka, zangarniyar da ya zaɓa da hannunsa tun kaka.

Ƙaninsa Barau ne ya kawo labarin daga kasuwar Batsari. Ana gina sabon birni can yamma, mazaunin mulki, da ganuwa da masallaci, kuma magina ba iska suke ci ba. Don haka an ce kowane gari ya ranta wa hukuma hatsi, a biya idan gini ya ƙare. A Tsaskiya, in ji Barau, an share rumbuna tas, har iri. Barau bai taka Tsaskiya ba, a bakin wani mai jaki ya ji. Lado bai tambaya ba. Mai tsoro ba ya neman shaida.

"Abin da ke cikin ƙasa dai ba mai ɗora shi a jaki," ya ce, ya ci gaba da sara.

Rana na tsaka suka gama. Suna isa gida suka tarar da jakuna a ƙofa, da jakadan hakimi, wani dattijo mai suna Armaya'u, zaune a inuwar rumbu yana fifita da hularsa.

Lado ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Yaya zafi?"

"Zafi sai godiya. Ina gajiya, ina iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"To, buɗe mana. Ba ƙwace ba ne, rance ne."

Lado ya hau ya ɗage murfin rumbu, yana miƙo damma. Da aka ɗaure wa jaki na biyu kaya sai ya yi ta maza.

"Ranka ya daɗe, yaushe ne biyan?"

"Ranar da aka kafa wa birni ƙofa."

"An kusa?"

Armaya'u ya yi dariya. "Ni ma ban gan shi ba. An ce ganuwar ta kai ƙugu." Ya leƙa rumbun, ya ɗaga hannu. "Ya isa haka. Ina irinka? Ware shi gefe, kada masu ɗaurin nan su haɗa da shi."

Lado ya tsaya da dami a hannu. "Iri?"

"Iri mana. An ja mana kunne, ko ƙwaya kada a taɓa. Wanda bai shuka ba, me zai ranta mana baɗi?"

Daga bayan danga Kande ta ajiye ƙwarya da ƙarfi.

Jakuna suka kama hanyar Safana. Lado bai nemi abinci ba, ya koma gona. Zabi sun riga shi, suna tono a bakin kunya. Ya kore su da hoge, ya durƙusa ya tona rami ɗaya da yatsa. Ƙwayoyin na nan, sun cakuɗe da turɓaya. Ya dubi gonar daga wannan kai zuwa wancan. Ba mai tsince wannan.

Wajen la'asar iska ta juyo daga gabas, da ɗan sanyi a cikinta. Kande ta iso da furar da bai sha ba, ta tsaya kusa da shi.

"Malam, hadari ne."

Ya gani. Siriri ne, fari-fari, irin wanda ba ya cika ko kwatarniya. Ɗigo ɗaya ya sauka a bayan hannunsa, wani a kan sungumi.

Tun yana yaro bai taɓa ganin hadari bai ce Allah ya sauko da shi ba. Ya ɗaga tafukansa sama, ya buɗe baki.

"Allah," ya ce, "ka wuce da shi."