Teburi Mai Ɓawo

"Baba Salmanu, in ka taɓa gefen katakon nan da zarto, ni da kai ne."

Iorchia ne ke faɗa wa kafinta haka a rumfar da ke jikin katangata, ni kuwa ina tankaɗe ina jin su. Ba na shiri da Salmanu, in gaya muku gaskiya. Garin katakonsa ya sha faɗa mini a miya, ko sau ɗaya bai taɓa ba ni haƙuri ba. Amma ran nan haushin Iorchia na fi ji.

Malamin makaranta ne, ɗan ƙabilar Tibi. Iska ce ta kayar da maɗacin da mahaifinsa ya shuka a gonarsu ta Ashige, ya sa aka tsago masa katako guda mai faɗi. Wai teburin cin abinci yake so, amma a bar gefen yadda Allah ya yi shi, a karkace, da ɓawonsa. Salmanu ya rantse bai taɓa sakin aiki da karkataccen gefe ba, duk Lafiya an shaide shi. Ga tari ya cinye shi, shi kansa ya san daga wannan aikin ba wani.

"Oga, cewa za a yi na kasa," in ji shi.

Iorchia ya ce su faɗa mana, itacen ubansa ne.

Haka Salmanu ya yi aikin yana zage-zage. Ya goge saman har ya yi santsi, ya kafa ƙafafu, ya shafa mai, ɓawon kuma ya bi shi da ɗan buroshi yana tsaki. In tari ya sarƙe shi sai ya kifa kai a kan katakon har ya lafa. Bai jima da gamawa ba ya rasu.

A zaman makoki teburin na nan cikin rumfa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya shafa gefen ya girgiza kai, wai Allah sarki, ajali bai bar shi ya ƙarasa ba. Har da masu cewa dama hannunsa ya mutu tun bara. Kai, mutane! Raina ya ɓaci, na leƙo na ce musu gamamme ne, haka mai shi ya so. Suka dube ni sheƙeƙe. Babandi, ƙanen marigayin, na zaune yana ji, yana cizon leɓe.

Bayan sadakar uku sai na ji ƙarar zarto. Babandi direba ne, bai iya aikin katako ba, amma ya zabge gefen teburin duka biyu ƙaf. Yana cikin share gumi Iorchia ya iso da motar a-kori-kura.

"Ga teburinka. Yanzu ba mai zagin yayana."

Iorchia ya durƙusa ya tsince dogayen gefen nan masu ɓawo, ya kakkaɓe musu ƙasa da hannun rigarsa, ya shimfiɗa su a bayan mota, ya tafi. Teburin na nan a rumfa, kajina ke hawa kai su sha inuwa.