Sunayen da Hajiya Lantana Ba Ta Faɗa

A Birnin Ƙonni in ka ce kana neman Malam Halilu, sai a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Mai Kirtani, ko mai tallan goro zai nuna maka ƙofarsa: ɗakin takardu na kamfanin albasar Hajiya Lantana, bayan babban sito. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin nan, har warin albasa da na tsohuwar takarda suka kama rigunansa, matarsa ta gaji da wanki ta bar wa Allah.

Kamfanin ba ƙarami ba ne. Marigayi Alhaji Jibo, mijin Hajiya, da jakuna biyu ya fara shi. Yau manyan motoci sittin ke kwasar albasa da wake zuwa Kumasi da Abijan, ga reshe a Malbaza, ga wani a Illela, ga manoma sama da dubu biyu da aka ƙulla yarjejeniya da su. Kowace gona da takardarta, kowace mota da tata. Duk Malam Halilu ke ɗaure su dami-dami: jan kirtani na Malbaza, baƙi na Illela, fari na Ƙonni da ƙauyukanta, yawan ƙulli da irinsa kuma su gaya maka mai takardar.

Sai dai ba kirtanin ne asirin aikin ba. Hajiya mace ce mai alkunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa, haka na surukinta da na yayyen miji, kuma duk wanda ya ci ɗaya daga cikin sunayen nan, shi ma ya tsira daga bakinta. To, Jibo kuwa a ƙasar nan ai kamar yashi ne. Saboda haka kowa ta yanka masa nasa suna: wannan Mai Rijiya Biyu, wancan Gajeren Tsarnawa, wani kuma Wanda Raƙuminsa Ya Ci Mini Tabarma. Da ta ce a kawo takardar wane, sai Malam Halilu ya miƙa hannu ya zaro. Babu inda aka rubuta sunayen nan, suna cikin kansa kawai. Shi ma ɗin ba ta taɓa kiransa Halilu ba. Ya ɗauka manya ba sa riƙe sunan ƙaramin ma'aikaci. Abin ya yi masa ciwo shekarun farko, daga baya ya saba.

Ana nan sai aka tsare wata mota kwana uku a bakin iyaka, albasa na zufa a ciki, takardar da 'yan duwan, wato kwastan, ke nema tana kwance a Illela. Bayan sati biyu gara ta cinye rabin kanta guda na takardun Malbaza. Najiba, jikar Hajiya, wadda ta dawo daga Yamai da karatun kwamfuta, ta ce wannan zama ya ƙare: a sayi manhajar ajiyar takardu, a ɗauki hoton kowace takarda a zuba a ciki, yadda na Malbaza da na Illela za su gan ta lokaci guda. Hajiya ta ce ta nemo masu sayarwa, a zaɓa.

Tun ranar abinci ya daina yi wa Malam Halilu daɗi. Ba ƙyashin na'ura yake ba. Yanar ido ce ta rufe masa gani shekara biyu ke nan, bai gaya wa kowa ba. Da laluben ƙulli yake gane dami, rubutu kuwa sai dai ya ga baƙi-baƙi. Ya san tafiyarsa ta kusa. Abin da ke cin ransa shi ne a kawo abin da bai san kowa ba sai da sunan katin ɗan ƙasa, a sallame shi da sunaye dubu biyu a ka, Hajiya ta nemi Gajeren Tsarnawa a rasa wanda ya san shi. Aikin shekara talatin ya bi shi gida ya mutu a kan tabarma.

Kamfanoni uku suka amsa kira. Na farko bai kai ko'ina ba, domin tasu manhajar ba ta motsi sai da rezo, wato sabis ɗin intanet, rezon Illela kuwa kamar baƙon da bai ci abinci ba yake, yanzu ka gan shi yanzu ya tashi. Saura biyu. Najiba ta ba kowanne hoton dosiye, wato fayil, ɗari uku ya gwada, ta sa ranar Talata da hantsi su zo su nuna a gaban Hajiya.

Mushe Fa'izu daga Yamai, kamar yadda masu Faransanci ke kiransa, shi ya fara. Saurayi ne mai tsabta, bakinsa zuma, kuma a faɗi gaskiya kayansa sun yi kyau. Ya nuna yadda za a hana direba ganin takardar da ba tasa ba, da yadda manhajar ke tuna wa mutum takardar mota ta kusa mutuwa. Ya ce cikin sati biyu zai kwashe ɗakin Malam Halilu kaf, ba ya bukatar taimakon kowa. Malam Halilu na zaune a gefe, yana murza carbi kamar ba da shi ake ba.

"Abin da ya fi daɗi," in ji Fa'izu, "ba sai an rubuta komai ba. Magana kawai za a yi mata." Ya tura wa Hajiya wayar da ladabi. "Hajiya, bismilla. Ku faɗi sunan wanda ya kafa gidan nan, yanzu takardunsa su fito."

Hajiya Lantana, wadda dillalan Kumasi ke tsoron muryarta ta waya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta duƙar da kai tana kallon yatsun ƙafarta kamar amaryar jiya. Tausayinta ya kama Malam Halilu, ya ji kamar ya ƙwace wayar ya jefa a buhun albasa.

"Ɗana," ya ce a hankali, "wagga tambaya ba a yi wa mace ita."

Fa'izu ya dafe kai. "Wayyo Allah! Ku gafarce ni, Hajiya. Ni ma innata har yau ba ta kama sunana, ni ne na fari. Yamai ta ɓata ni."

Najiba, da yake jika ce ba ruwanta da kunyar kaka, ta ja wayar ta ce, "Jibo!" tana yi wa Hajiya gwalo. Na'ura ta kawo Jibo Abdu guda ɗaya tal, da gonaki goma sha bakwai, daga Bazaga har Malbaza.

"Wanga wane attajiri na?" Hajiya ta tambaya daga cikin mayafi.

Najiba ta duba, ta fashe da dariya. Mutanen ƙauye da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, ɗaya ga Janairu ake sa musu a kati. Manhajar ta ga suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, sai ta yi abin da ta ga ya dace, ta dunƙule mutum bakwai ta mai da su mutum guda. Fa'izu ya ce ana iya gyarawa, amma sai an rubuta wa masu manhajar a ƙasar waje, su kuma su duba in suna so.

Madam Saratu daga Tawa ba ta ko buɗe jakarta ba da aka zo kanta. Mace ce mai jiki, mai nauyin baki, wadda ta yi shekaru tana aikin takardu kafin ta shiga wannan sana'a. Ta ce ita kafin ta nuna komai, a kai ta inda takardun suke kwana.

A ɗakin ta shafa wani dami, ta ƙirga ƙullin da yatsa. "Baba, in Hajiya na son wanga, mi taka cewa?"

"Mai Rijiya Biyu."

"Wanga fa?"

Ya karɓa, ya shafa kirtanin, bai ko kusantar da shi ga fuska ba. "Wanda Raƙuminsa Ya Ci Mini Tabarma."

Ta dube shi, ta dubi idanunsa. Da suka koma buro, wato ofishin Hajiya, ta kunna tata manhajar. Ba ta da ado, ba ta jin magana, kuma akwatin kwamfutar da za ta zauna a ciki sai an ajiye shi nan Ƙonni an haɗa masa batir saboda ɗaukewar kuran, wato lantarki. Amma in rezo ya ɗauke, Illela za ta ci gaba da aiki, in ya dawo su daidaita. Kuma ita da kanta tana iya ƙara gurbi a jikin kowace takarda: sunan da ake kiran mutum da shi a gidan nan.

"Sai dai ni ba ni iya cika gurbin," ta ce. "Sai wanda yas san su ya zamna shina hwaɗi ana rubutawa. Wata ukku, ko huɗu."

Najiba ta yamutsa fuska, don ita sati biyun nan ya shiga ranta. Malam Halilu kuwa ya ga an zo wurin. Zama gaban kwamfuta wata uku, ai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Yana iya yin shiru a ɗauki na Fa'izu, ya tafi gida da asirinsa a rufe. Ya daɗe yana murza carbin, sannan ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, akwai maganar da ni ɓoye miki. Ba ni gani. Shekara biyu ke nan da hannu nika aiki."

"Yau ka sani?" in ji Hajiya. "Bara da salla ka gaida buhun wake, ka ce mishi Hajiya ina kwana. Ina bayanka tsaye."

Dariya ta ƙwace wa kowa, har Fa'izu. Shi ma Malam Halilu ya yi, kunya da sanyin rai suka haɗe masa wuri guda.

"Na mai jinkirin nan za mu ɗauka," Hajiya ta yanke. "Sannu ba ta hana zuwa. Kai ko Mai Kirtani, baki muka so, ba ido ba. In an ƙare a kai ka a kware maka yanar nan."

Wata huɗu suka yi. Kullum da safe Najiba ta kwance dami ta karanta sunan kati, shi ya shafa kirtani ya faɗi na Hajiya, da dalilinsa in ya sani. Ta ƙara gurbin dalili da kanta, don labaran sun fi ƙarfin a bar su su zube. Wani lokaci ta yi dariya har ta kasa bugawa, wani lokaci ya tsaya ya yi wa mai takardar addu'a, don ya riga mu gidan gaskiya. Tun tana cewa "Baba, mu yi sauri," har ta koma cewa "Baba, sannan mi ya hwaru?"

Ranar da suka zo kan takardun ma'aikata, dami na ƙarshe, sai ya ji ta yi shiru.

"Naka na, Baba. An riga an cika gurbin. Jiya Kaka ta zo bayan ka tahi masallaci, ta ce in rubuta, kuma kar in karanta maka sai mun ƙare."

"Mai Kirtani dai, ko? Dalili: ba ta riƙe sunan talaka."

"A'a." Muryarta ta sauya. Ta karanta masa yadda tsohuwar ta faɗa, ba ta gyara ko kalma ba. "Sunan ɗana na hwari gare shi. A Bazaga na haihe shi, kwana arba'in ya yi, Allah ya amshi abinsa. Ranar da wanga ya zo neman aiki ya hwaɗi sunansa, na ce to, an maido mini, har da gemu."

Malam Halilu ya zauna da farin kirtani a hannu. Shekara talatin da ɗaya yana zaton an manta sunansa, ashe kunyarsa ake ji irin wadda uwa ke ji wa ɗan fari. Hawaye suka zubo masa, bai ko goge ba.

Daga tsakar gida sai ga muryar Hajiya, da ƙarfinta kamar kullum. "Mai Kirtani! Mota na jira, likitan ido ba shi jiran kowa!"

Ya miƙe yana laluben takalmi. "Na'am, Inna," ya ce, "ga ni nan tahe."