Gashin Agwagwa a Ruwan Washington

Tun bazara Lorraine Haskell ke taka duwatsu da ƙanenta Duane, sun nufi iyakar Kanada a ƙafa. Burinta ke nan tun tana budurwa, ga gwiwoyi sun fara yi mata gardama. Ta san in ba bana ba, sai dai ta ji labari a bakin wasu. Saura tafiyar 'yan kwanaki, dusar ƙanƙara kuma tana tafe.

Shi Duane irin masu tafiyar nan ne da ba sa jefa komai a jaka sai sun aza shi a sikeli. Mariƙin buroshin haƙorinsa ma ya gutsure, wai nauyi. A garin ƙarshe da suka sauka sayen guzuri, Lorraine ta aika buhun barcinta na gashin agwagwa, bargon da ake shiga ciki a kwanta, gida, ta sayi na audugar roba, mai nauyi da cin wuri.

"Duane, jihar Washington fa muka shigo, ruwa ba ya sallama. Gashin nan in ya jiƙe ya tashi aiki. Robar ko a jiƙe tana ɗumi."

"Haba Yaya, katifa za ki goya? Ko jaki aka ɗora wa wannan sai ya kai ƙara." Ya ɗaga nasa da yatsa ɗaya. "Ji nan, kamar babu."

"To naɗe shi a ledar shara, don Allah."

Ya ce to. Ashe da ta juya baya ya auna ledar a hannu, ya ga ba zai iya ba, ya jefa ta cikin akwatin da matafiya ke zubar da abin da ya ishe su.

Suna shiga duwatsu sama ta ɓalle. Ba ruwan kirki mai zuwa ya wuce ba ne, yayyafin nan ne mai naci da ke bin mutum har ƙashi. Babu rana balle a shanya kaya a kan dutse. Buhun Duane ya dunƙule ya koma kamar jiƙaƙƙiyar kaza, shi kuwa girman kai ya hana shi buɗe baki.

Wata safiya Lorraine ta same shi a bakin tanti, leɓɓansa sun yi shuɗi, yana ta fama da ashana, yatsun sun ƙi.

"Ina ledar?"

"Tana... tana gari."

"Sannu, sarkin awo! Ka rage nauyi, ka huta."

Haushi ya turnuƙe ta. Ta tuɓe masa jiƙaƙƙiyar riga, ta cusa shi cikin buhunta, ta ɗura masa shayi mai sukari tana masifa. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya ce, "Yaya, ki wuce ke kaɗai. Zan gangara gari a hankali."

"Kai da ashana ta gagara? Rufe min baki."

Ta tsaya ta dubi arewa, inda hanyar ta haura ta shige hazo. Ta daɗe tana kallo, zuciyarta na ƙuna. Sannan ta kwance tantin, ta haɗa kayansa da nata ta goya, ta sa shi gaba suka bi hanyar da ke gangarawa gari.