Ƙafar Aro ta Tokie

Duk wanda ya san garin Onomichi ya san shagon taliyar Genzo Kuramochi, can ƙasan tudu, kusa da inda jiragen fito suke tsayawa. Kujeru tara ne kacal, amma romonsa ko maƙiyinsa ba ya kushewa. Shi kuwa mai shagon, a shekara sittin da biyu, tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Da safe ya ɗanɗana romo ludayi uku, da rana ya ci kwano guda kitse na yawo a kai, da yamma ya share abin da ya rage wai kada a yi asara. In ka ce ya rage ci, sai ya harare ka ya ce, "Mai taliyar da ya rame, wa zai yarda da tukunyarsa?"

Matarsa Tokie ita ce ke wanke kwanuka da karɓar baƙi, har shekara uku da suka wuce, lokacin da ƙodojinta suka gaza. Tun daga nan, Litinin da Laraba da Juma'a tana asibiti, awa huɗu a kwance ana yi mata wankin ƙoda. Ruwan sha ma da awo take shan sa. Mace ce 'yar ƙarama mai kaifin baki, kuma ciwon ya cinye komai nata ban da bakin.

Genzo da kansa ya je ya ce a ciri ƙodarsa ɗaya a dasa mata. Aka yi gwaje-gwaje, Likita Urabe ta zaunar da su biyun. Ita ma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

"Ƙodarka ta dace da jikinta, Malam Kuramochi," in ji ta. "Kai ne ba ka dace da wuƙata ba. Kilo casa'in da bakwai, jininka ya hau, sukari yana bakin ƙofa. In na ciri ƙoda a wannan jikin, marasa lafiya biyu zan samu maimakon ɗaya. Ka sauke kilo goma sha biyar kafin kaka, mu sake magana. Kuma ka ji da kyau, zuciyarta ta fara gajiya da wankin nan. Ba zan ce maka tana da shekara biyu ta jira ba."

Ya fito yana rantse-rantse. Kwana uku ya yi yana cin ganye kamar akuya, ya zaga bakin teku sau ɗaya, rana ta huɗu aka gan shi tsaye a bayan tukunya yana kurɓar romo. Kada wani ya ce ba ya son matarsa. Yana son ta, har ɗakin ajiya yake shiga ya yi kukansa a cikin buhunan fulawa. Amma hali zanen dutse ne, kuma Genzo bai taɓa yin wani abu don lafiyar kansa ba tun da uwarsa ta haife shi.

Ana cikin haka 'yarsu Rie ta aiko wa uwarta 'yar na'urar wasan gem daga Osaka, irin wadda ake ninkewa a sa a aljihu, don ta rage mata zaman asibiti. A cikin gem ɗin akwai wani ɗan maziyarci mai fararen kaya da malafa da sanda da ƙunshi a baya, zai zaga wuraren ibada tamanin da takwas na tsibirin Shikoku. Sai dai ba ya tafiya da danna maɓalli. Akwai wani ɗan ma'auni kamar murfin kwalba da ake maƙalawa a ƙugu, yana ƙirga taku. Yawan takunka, yawan tafiyarsa. Da yamma kuma gem ɗin ya tambayi abin da ka ci. In kitse da gishiri sun yi yawa, ƙunshin bayan maziyarcin ya kumbura, gobe taku biyu ne za su zama ɗaya.

Tokie ta daɗe tana burin wannan ziyara. Shekara talatin suna cewa in sun rufe shago za su je tare. Yanzu ga ta, daga gado zuwa banɗaki, taku ɗari huɗu a yini. Sati uku maziyarcinta yana tsugune a gefen hanya bai kai wuri na biyu ba.

"Baba," ta ce wata safiya, don tun haihuwar Rie haka take kiransa. "Ara min ƙafarka."

"Ke, ƙafar me?"

"Ka maƙala wannan a ƙugunka, in akwai sauran wuri. Mutumin nan ya gaji da zama, ni ma na gaji da kallonsa."

Ba ta ambaci likita ba, ba ta ambaci kilo ba. Wannan wayon nata ne ya fi burge ni a duk labarin. Ta san in ta ce ya yi don kansa ba zai yi ba, amma bai iya hana ta abin da ta roƙa ba.

Ranar farko ya kawo taku dubu uku yana haki. Rana ta biyu dubu biyu. Rana ta uku, yana tsame taliya daga tafasasshen ruwa, yana kaɗa kwandon tacewa sama da ƙasa yadda ya saba yi sau ɗaruruwa a yini, sai dabara ta faɗo masa. Ya cire ma'aunin daga ƙugu, ya ɗaura a wuyan hannu. Abin nema ya samu! Kwano ɗari da ashirin yake sayarwa, kowane kwano da kaɗawarsa. Da yamma ya miƙa mata taku dubu goma sha tara. Da ta tambayi abin da ya ci, ya ce kifi da ganye, fuskarsa ko gezau.

Kwana goma maziyarcin yana gudu kamar an biyo shi. Genzo har da fito yake yi a bakin tukunya.

A rana ta goma sha ɗaya Tokie ta dawo daga asibiti a galabaice. Ta zauna, ta buɗe na'urar, ta juyo masa fuskarta.

"Baba, zo ka ga abin mamaki. Ashe abin nan yana nuna lokacin da aka yi kowane taku. Mutumina ba ya motsi da safe, ba ya motsi da yamma. Amma daga sha ɗaya zuwa ƙarfe biyu, lokacin da kake tsaye a bayan tukunya baƙi sun cika shago, sai ya yi tafiyar kilomita goma sha uku."

"Ai na'urorin nan na zamani..."

"Kuma yana warin romo."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Genzo ya tsaya da tawul a wuya, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya so ta yi masa faɗa, don faɗanta ya saba da shi. Ba ta yi ba. Ta sa ɗan alƙalamin na'urar ta goge tafiyar gaba ɗaya, maziyarcin ya koma ƙofar wuri na farko.

"Ba na son a kai ni wurin ibada a kan ƙarya," ta ce. "Gobe zan gaya wa Likita ta bar maganar dashen. Ba fushi nake ba, Baba. Na ga ba za ka iya ba, kuma ba na so in mutu ina jiran abin da ba zai zo ba. Gara in san inda na tsaya."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya ɗauki ma'aunin daga kan tebur ya sa a aljihu.

Washegari da sassafe ya fita. Garinmu ba shi da fili, daga teku sai tudu, kuma tudun duk matakala ne tsakanin gidaje. Ya kama hawa. A matakala ta sittin ya zauna, kuliyoyin unguwa suka kewaye shi suna kallo. Ya tashi, ya ƙara arba'in, ya sake zama. Ranar taku dubu huɗu da ɗari biyu ya kawo.

Tokie ta duba lokutan. Shida zuwa bakwai da rabi.

"Me ka ci?"

"Taliya kwano ɗaya. Na shanye romon."

Ta danna. Ƙunshin maziyarcin ya kumbura kamar an cusa masa katifa. Genzo ya ga ɗan mutumin ya duƙa yana jan ƙafa, ya ji haushi ya kama shi.

"Ke, wahalar da na sha a tudu, rabi za a ƙirga min gobe saboda romo?"

"Ni na sha romon?"

Daga ranar ya daina shanye romo. Ɗanɗano kam dole ne ga mai taliya, sai ya koma cokali ɗaya, ya juya a baki ya tofar. Abincinsa ya koma gasasshen kifi, shinkafa rabin kwano, wake da ganye. Ragowar yamma da yake sharewa sai ya riƙa tura wa Matsuji, tsohon direban jirgin fito wanda ya shekara ashirin yana zama a kujerar ƙarshe yana tsokanarsa.

"Maigida, da girmanka ka koma wasan yara?" in ji Matsuji. "An ce wani ɗan mutum a cikin akwati ne yake juya ka."

"Ci ka yi shiru, tsohon kwale-kwale."

"A'a, tambaya nake. In ya ce ka yi rawa za ka yi?"

"In rawa tana ƙirguwa, zan yi."

Ba kullum aka yi nasara ba. A bikin bazara ya ci soye-soye har ya kasa duƙawa, ya zo ya faɗi gaskiya da bakinsa, aka kumbura masa ƙunshi kwana biyu. Lokacin damina ya zame a matakala ya gurje gwiwa, ya yi sati yana ɗingishi a ƙarƙashin rumfar kasuwa daga wannan baki zuwa wancan, lema a hammata. Amma taku dubu goma ya zama abincinsa, wata rana har sha huɗu. Ya ƙara wa bel ɗinsa huji, ya sake ƙarawa. Masu sayen taliya suka fara tambaya ko lafiya, yana ce musu tafiya yake yi a Shikoku.

Ita kuwa Tokie, a gadon asibiti, hannu ɗaya da allurai, ɗayan riƙe da na'ura, tana bin maziyarcinta ta gonakin shinkafa da bakin teku da duwatsu. Ma'aikatan jinya suna leƙowa su tambayi inda aka kai. Da yamma ta ba mijinta labari, "Yau mun wuce na talatin da takwas, Baba. Ka ga tekun wurin kuwa?" Shi da ya yini yana hawan tudun bayan gidansa sai ya zauna ya saurara kamar tare suka je.

Da kaka ta shigo suka koma wurin Likita Urabe. Ya cire takalmi, ya cire agogo, har tawul ɗin wuyansa ya ajiye kafin ya hau sikeli. Kilo tamanin da ɗaya. Jini ya sauka, sukari ya koma inda ya kamata. Likita ta duba takardun sau biyu, ta cire tabarau.

"Na faɗa wa mutane da yawa abin da na faɗa maka," ta ce. "Kaɗan ne suka dawo haka. Wane ne ya horar da kai?"

"Wani ɗan gajere mai malafa," in ji Genzo.

Aka sa ranar aikin dashen. Saura kwana huɗu, maziyarcin ya bar wuri na tamanin da bakwai, ya doshi na ƙarshe. Da yamma Genzo ya miƙa ma'aunin, Tokie ta haɗa da na'ura, ta ɗaure fuska.

"Saura taku dubu biyu kacal! Haba Baba, ka zaga bakin teku ka dawo mana, mu gama kafin a kwantar da mu."

"Ƙafata ta gaji."

"Ƙarya kake."

"To, ƙarya nake." Ya karɓi ma'aunin, ya naɗe shi a hankici, ya tura cikin jakar asibitinta. "Aro kika ce, ko? Wa'adin aro ya cika. Sauran da ƙafarki za ki taka."

Shekara talatin da takwas da aure, ranar ce kaɗai ya ga ta rasa abin faɗa. Ta juya baya tana gyara kayan da ta riga ta gyara.

Aiki ya yi kyau. Kwana uku bayansa aka ce Tokie ta fara takawa. Ta maƙala ma'aunin a rigar asibiti, ta riƙe sandar ƙarin ruwa, ta fito baranda. Genzo yana gefenta, a duƙe, hannu a kan ɗinkinsa, yana ƙorafin cewa shi aka yanka amma ita ake yi wa sannu. Ranar farko taku ɗari da tamanin. Ta biyu ɗari uku. Shi ke riƙe na'urar yanzu, shi ke tambayarta abin da ta ci.

A rana ta shida, a ƙarshen baranda kusa da taga, na'urar ta buga ƙararrawa. Ɗan maziyarcin ya hau matakalar ƙarshe, ya jingine sandarsa, ya cire malafa ya rusuna. Tokie ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Mun iso, Baba."

"Kin iso, Tokie," ya ce. Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Rie.

Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa, wannan ramammen tsohon da rigar asibiti ta yi wa yawa. Ta nemi ruwa. Ya tsiyayo mata kofi cike har baki, ya tsaya yana kallo ta shanye shi tas, ba wanda ya auna.