Ruwan Alwalar Baba

Wardin da ke tsakar gidanmu a unguwar Dichemso, mahaifiyarmu Mma ce ta dasa shi. Wata ƙawarta da suke sayar da atamfa tare ta ba ta reshe, ta zo ta soke shi a jikin katanga. Kafin Allah ya karɓi ranta bara, ya kai ƙirjina tsawo, kuma ba a rasa jan fure a kansa.

Baba dillalin shanu ne, duk ganyen da saniya ba ta ci bai taɓa damunsa ba. Amma bayan rasuwar sai ya jawo kujerarsa kusa da wardin. Ya riƙa yin alwala a cikin roba, in ya gama sai ya ɗebi ruwan da hannu ya yayyafa wa ganyen tun daga sama har ƙasa. Kowace salla haka.

"Ruwan alwala ba na kwata ba ne," in ji shi. "Ladan ya je wa mai shukar."

Da damina ta kankama, sai baƙaƙen ɗigo suka fito a ganyen. Gefensu ya yi rawaya, ganye ya fara zuba. Baba ya ga haka, sai ya ƙara yawan ruwan.

Wata safiya yayata Fauziyya ta aro adda a maƙwabta, ta ja ni bayan ɗakin girki.

"Misbahu, in Baba ya fita kasuwa ka sare shi."

"Haba Yaya, shukar Mma?"

"Ni ma uwata ce. Amma dubi tsohon nan. Yini yake yana kallon ganye na faɗuwa, kamar jinyar ce ta dawo sabuwa. Gara a yi ta sau ɗaya."

Na roƙe ta ta ɗan saurara mini. Na tsinki ganye mai ɗigon na sa a leda, na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Sofoline, inda wata Anti Zuleha ke sayar da shuke-shuken furanni a bakin titi. Ta juya ganyen, ta duba bayansa.

"Funfuna ce. Ganye ne ba ya bushewa. Ei, ɗana, wanka kuke yi masa?"

"Sau biyar a rana, Anti."

"Sau biyar! Ko amarya ai ba ta yin haka."

Na gaya mata labarin Baba. Dariyar ta tsaya, ta yi wa Mma addu'a. Sannan ta ce cutar tana son jiƙaƙƙen ganye, kuma ruwan da ke fantsama shi ke ɗaukar ta daga wannan ganye zuwa wancan. Ta ce in cire duk mai ɗigo, in share wanda ya zuba in ƙone, in rage rassan tsakiya iska ta riƙa ratsawa.

"Ruwa kuma a gindi kawai. Ka gaya wa tsoho."

"Anti, ta ina zan fara?"

"Wannan kam ba na sayar da shi," ta ce.

Na dawo na yi aikin da almakashin Yaya na ɗinki, tana ta mita. Da na gama, wardin ya koma kamar kazar da aka fige. Sai na ɗauki fartanya na ja 'yar hanyar ruwa daga gaban kujerar Baba zuwa gindin shukar, na jera duwatsu a gefe.

Baba ya shigo dab da la'asar. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi masa aski?"

Na durƙusa na faɗa masa abin da aka ce, a hankali, ina zaɓen kalmomi. Bai katse ni ba.

"Wato ni nake kashe shi."

"A'a Baba. Ruwan ba shi da laifi. Ta inda yake shiga ne."

Na fara da-na-sanin buɗe baki. Yaya tana ƙofar ɗaki, ta kasa shiga ta kasa fitowa. Can Baba ya taɓa duwatsun da ƙafa.

"Shekara nawa ina shayar da shanu, ban taɓa zuba wa wata ruwa a gadon baya na ce ta sha ba," ya ce. "Miƙo butar."

Ya ture robar gefe, ya yi alwala a bakin 'yar hanyar. Muka bi ruwan da ido yana gangarawa har ya nutse a gindin.

Ba a rana ɗaya ya warke ba. Ruwan sama bai daina jiƙa shi ba, ɗigon ma kan sake fitowa nan da can. Baba ne da kansa yake bin ganyen da safe da tabaransa, yana tsinke masu ciwo yana jefawa a murhu. Bayan 'yan makonni sabon toho ya fito, ja sumul. Yaya ta mayar wa maƙwabta addarsu.

Ranar wata Juma'a abokin Baba, Malam Abukari, ya biyo masa su tafi masallaci. Ya yi alwala, ya miƙe yana yarfe hannu, ruwa na fantsama kan sabon tohon.

"Kai, Abukari! Ganye!"

"Albarka nake sa masa, Alhaji."

"Sa ta a ƙasa," Baba ya ce, yana share ganyen da bakin rigarsa. "Ga hanya nan yaro ya yi."