Istiharar Safara'u

A shekarar da muka gama jami'a, ni ne ustazun ƙungiyar ɗaliban Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ba wanda ya naɗa ni. Gemuna ne ya riga na kowa fitowa, kuma na iya ɗaga murya.

Duk hutu mukan taru a bakin tafkin Bagauda, in hau kan dutse in yi ta faɗa a kan istihara. Mutanenmu sun saba kai wa malami buƙatarsu, ya roƙa musu zaɓin Allah, su dawo su ji abin da ya gani. Ni kuwa na ɗaura yaƙi da wannan al'ada. "Raka'a biyu ce da addu'a," nakan ce. "Kowa ya yi tasa!" Har jijiyar wuyana takan tashi.

Safara'u 'yar Fulanin Doguwa ce, ajinmu ɗaya. Ina sonta kamar in yi kuka, amma ban taɓa faɗa mata ba. Ustazu ai ba ya irin wannan rawar kai. Dabarata ita ce in jira ta kama koyarwar da ta nema a Ƙofa, garinmu, sannan in tura kawunnaina Doguwa cikin mutunci.

Ranar taron ƙarshe ta same ni a gaban mutane, ta rusuna.

"Ustaz Inuwa, an ba ni koyarwa a Ƙofa, an kuma ba ni gurbin ƙaro karatu a Zariya. Baffa ya ce in kai wa malami. Ni kai na yarda da kai. Ka yi mini istihara, duk abin da ka ce shi zan bi."

Kalma ɗaya ce tsakanina da aure. Ƙofa. Tana kan harshena. Sai na waiga na ga ɗalibai sun zuba mini ido, waɗanda na shekara ina cika wa kunne. Na gyara hula, na yi gyaran murya, na yi mata wa'azin da ban taɓa yin mai daɗinsa ba, na ce ta je ta yi tata da kanta. Har kabbara aka yi mini. Na koma gida ina jin kaina wani babban shehi, ga hawaye yana neman zubowa.

Ta yi da kanta, kamar yadda na koya mata, ba kuskure ko ɗaya. Zuciyarta ta natsu a kan Zariya.

Ni na ɗaukar mata akwati zuwa tasha a Kwanar Dangora. Da ta zauna a mota, ta leƙo ta taga.

"Allah ya saka da alheri, Ustaz. Wallahi ranar nan Ƙofa na so ka ce. Da ka faɗa, da ban ƙara tambayar kowa ba."

Na ce amin. Motar ta tashi.