Lahadi Biyu a Sabon Gari

Ranar Asabar, goma ga Fabrairun 2024, saura minti ashirin a ɗaura aure a majami'ar Samaru, Akidikon Othniel Jatau, babban limamin Angilikan mai kula da ikilisiyoyi tara, yana ɗakin shiri yana duba takardu. An naɗa shi a 1983, kuma tun daga lokacin bai taɓa ɗaura auren da ba a yi shelarsa Lahadi uku a majami'ar ango da ta amarya ba.

Amaryar ita ce Keziya, malamar firamare a Samaru. Angon kuwa Kofur Ejike ne, soja daga barikin Basawa, wanda yake sujada a Sabon Gari. Ranar Litinin za a tafi da rundunarsu arewa maso gabas, ranar Laraba kuma azumin Kirista zai kama, ba a kuma ɗaura aure cikinsa.

Akidikon ya ɗaga takardar Sabon Gari, ya kira Monday, katikis ɗin da ya kawo ta, wato mai taimaka wa fasto a can.

"Monday, kwanan wata biyu nake gani a nan. Ina na ukun?"

"Baba, sau uku na karanta. Makon jiya na yi a sujadar Turanci da safe, na sake a ta Hausa."

"Rana ɗaya?"

"Ai jama'ar daban ce, Baba."

"Jama'a na ce ka ƙirga, ko Lahadi? Shekara goma sha biyu kana katikis, kalanda ta gagare ka?"

Monday ya sunkuyar da kai. Bishop kaɗai ke da ikon ɗage wannan ƙa'ida. An kira wayarsa sau huɗu ba ta shiga ba, domin ya tafi wani ƙauye bayan Shika tabbatar da sababbin masu bi.

Aka shigo da Ejike, Keziya na biye da shi da farar rigarta. Da ya ji bayani, sai ya tsaya ƙyam kamar a fareti.

"Baba, in na tafi ba a ɗaura ba, sunanta ba zai shiga takarduna ba. In wani abu ya same ni, barikin ba su san ta ba."

Keziya ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, kai ka yi mini baftisma. Akwai abin da Lahadi ɗaya za ta gaya maka wanda ba ka sani ba?"

A waje, mata masu zumunta sun gama waƙa ta uku, sun koma ta farko. Akidikon ya daɗe yana kallon takardar. Wata shida suka rage masa ya yi ritaya, kuma shi ne ya taɓa tsawata wa wani fasto a gaban taron majalisar ikilisiya kan irin wannan kuskure.

Ya ɗauki biro, ya rubuta a ƙasan takardar: "An yi shela Lahadi biyu kaɗai. Na ɗaura da sanina." Ya sa hannu da kwanan wata, ya miƙa wa Monday.

"Ka kai wa Bishop da hannunka, kada ka ƙara kalma ko ɗaya."

Sannan ya juya ga Ejike. "Kofur, gyara wuyan rigarka. Ka wuce gaba ka jira matarka."